Surukin Nangondo Da Gonar Da Ba A Huɗawa

Tun Fatsani Nkhoma yana ɗan ƙanƙane shi da fartanya ba sa ga-maciji. In uwarsa ta tashe shi da sassafe a tafi gona, ranar ce cikinsa ke murɗawa. In an matsa ya je, kafin hantsi ƙota ta karye, ko ruwan fartanyar ya fice ya shige ciyawa, a bar aiki a koma nema. Ba a taɓa kama shi dumu-dumu ba, amma maƙerin ƙauyensu, can gindin duwatsun Dedza, ya fi sanin hanyar gidansu a kan ta gidan ƙanwarsa. Uwar ta yi faɗa, ta yi duka, ta kai shi wurin fasto, daga baya ta gaji ta bar shi da Allah.

Da ya gama sakandare sai ya kama haya da keke, yana kai mata kasuwa da buhunan dankalinsu. Abokai suka ce, kai Fatsani, ai tuƙa ƙatuwar mace da buhu a hawan dutse ya fi noma wahala. Ya ce ya sani, amma dai a zaune ake yi. Haka ya yi shekaru yana haki a hanyar kasuwa, ba a taɓa jin ya yi ƙorafi ba.

Wata rana ya ɗauko wani malamin gona da babur ɗinsa ya lalace. Suna cikin tafiya mutumin yake ba shi labarin wani noma da ake koyarwa a kwaleji, wanda ba a huɗa, ba a ƙona kara, sai dai a bar ƙasa a kwance a lulluɓe ta. Fatsani ya danne birki har sai da fasinjan ya daki bayansa da hanci.

"Maigida, sake faɗa in ji."

"Na ce ba a huɗa."

"Ko kaɗan?"

"Ko kaɗan."

"Kuma gwamnati ta san da wannan magana?"

"Ita ke ba da takardar shaida ma, har ta ɗauke ka aiki."

Kafin wata ya mutu ya sayar da keken, ya ɗaure akwatinsa da igiyar roba, ya nufi kwalejin, yana ganin yau dai duniya ta gane abin da ya daɗe yana faɗa.

A makon farko ya gane shigo-shigo ba zurfi aka yi masa. Gaskiya ne ba a huɗa. Amma ana ɗaukar karan masara a ka daga wannan ƙarshen gona zuwa wancan, ana kwasar kashin shanu a baro, ana juya tarin taki mai tururi da wari, ana jan igiya a tsuguna a huda ramin shuka da tsinin sanda, sannan ciyawa da hannu ake tuge ta. Ya tashi ya tafi wurin mai kula da aikin fili, Malama Kamanga, wata gajeruwar mace mai takalmin roba wadda ba ta san wasa ba.

"Malama, ni fa an ce mini a nan ba a wahala."

"Ƙasa aka ce ba ta wahala," in ji ta. "Kai wa ya yi zancenka? Ɗauki baro."

Da yana da keken komawa da ya gudu. Ba shi da shi, sai ya zauna. Abin da ya kama shi kuwa ya zo ne a tsakiyar zafin Oktoba, lokacin da ƙasa ke ƙona tafin ƙafa. Malama ta jera su a gonar gwaji ta ce kowa ya cusa hannu ƙarƙashin kara. Fatsani ya cusa yana ƙunƙuni, sai ya ji sanyi, ya ji danshi, ya zaro hannu ga wata ƙatuwar tana a tafinsa, sai murɗe-murɗe take. Ya daɗe yana kallonta. Shi da ya tsani gona tun yana yaro, ranar ya ji son ƙasa ya shige shi har ƙashi, bai kuma sake fita ba. Illar kawai ita ce ya zama mai wa'azi. A motar haya zancen tana, a gidan biki zancen tana, har a wurin makoki an taɓa roƙonsa ya fita waje ya sha iska.

Da wannan wa'azin ya nemi auren Tiyamike, mai sayar da dafaffiyar gyaɗa a ƙofar kwaleji. Ta ce duk samarin da ke zuwa mata ƙarya suke shirgawa, wannan kuwa ba mai iya ƙirƙiro irin zancensa, don haka ta yarda. Aka yi biki, ya naɗe tabarmarsa ya tare a ƙauyen amaryar kamar yadda kowane ango ke yi a wajenmu, aka nuna masa inda zai kafa ɗaki a bayan na uwarta, Nangondo.

Nangondo mace ce da ake misali da huɗarta. Tun rasuwar mijinta ita ke riƙe da gonarta, in ta gama share ta kana iya shanya gari a kai. A wajenmu kuwa da huɗa ake auna suruki. Wanda ya yi wa uwar matarsa huɗa miƙaƙƙiya ya zauna daram, rago kuwa wata safiya zai tarar da tabarmarsa a naɗe a bakin ƙofa. Sannan suruki ba ya haɗa ido da surukarsa, ba ya yi mata magana baki da baki. In ya hango ta a hanya sai ya ratse, ya durƙusa, ya juya baya har ta wuce. Wannan dokar Fatsani ya riƙe ta da gaske, don yana jin nauyin matar ƙwarai. Ta huɗar ce dai yake ta zamewa, yana fakewa da cewa lokacin yana makaranta.

A shekarar ƙarshe dole kowane ɗalibi ya koma gida ya shirya gona irin ta kwaleji, Malama ta zo da kanta ta gani kafin ruwan shuka. In ta tarar fartanya ta taɓa wurin, ko wuta, to an faɗi, sai a maimaita shekara. Fatsani kuwa ba shi da wani keken da zai sake sayarwa, ga Tiyamike da juna biyu, ga aikin malamin gona da ake ɗauka bayan girbi, ba ya jiran kowa. Duk abin da ya mallaka a duniya yana cikin wannan gonar da bai ma samu ba tukuna.

Tiyamike ta roƙi uwarta, aka yanka masa wani yanki a bakin hanya, inda kowa ke wucewa. Nangondo ta ji daɗi, ta ce yau suruki mai boko zai nuna wa gari huɗa, har ta sayi sabuwar fartanya ta sa aka ajiye masa a ƙofa. Ya yi godiya ta bakin matarsa, ya kafa ta a bango yana rataye riga. Sannan ya shiga bin maƙwabta gona-gona yana roƙon karan da za su ƙona, yana ɗaukowa a ka, yana shimfiɗawa a yankinsa har aka daina ganin ƙasa.

Ba a jima ba magana ta isa bakin famfo.

"Nangondo, ashe kwangilar shara surukinki ya karanta?"

"Mu muna fitar da datti daga gona, naki yana shigarwa. Kai, boko!"

"Ki ba mu aronsa mana, bayan gidanmu ya cika."

Nangondo ta dawo gida bokitinta ko rabi bai yi ba. Tiyamike ta so ta yi mata bayani, uwar ta ce ta rufe mata baki, duk matar rago haka take kare shi. Da Fatsani ya ji haka ya sha jinin jikinsa, ya tafi wurin Kawu Lufeyo, yayan Nangondo, wanda shi ne wakilin auren, kuma ta bakinsa duk wata babbar magana ke bi.

"Kawu, don Allah a gaya wa Mama kada kowa ya taɓa gonar nan. Kada a share, kada a huɗa, kada a sa wuta."

Lufeyo ya dafe ƙirji. "Kada? Har sau huɗu? Kai yaro, a ina ka taɓa jin suruki ya aika wa surukarsa da kada? So kake a naɗe mana tabarma ni da kai?"

"To, Kawu, a gyara maganar yadda ta dace."

"Yauwa. Gyara ai aikina ne."

Abin da Fatsani bai sani ba, Kawu Lufeyo ba abin da yake so a duniya kamar gasasshen ɓeran gona da gishiri da barkono. Kullum ya wuce ta bakin hanya sai ya ga ramuka ƙarƙashin karan nan, ya ga ɓeraye sun yi ɓul-ɓul suna shawagi ba mai ce musu kanzil, sai yawunsa ya tsinke. In aka tara karan aka cinna wuta, ai buhu guda zai cika. Ya je ya zauna gaban ƙanwarsa ya gyara murya.

"Surukinki yana gaisuwa da ladabi. Ya ce ya duba gonar nan ya ga ta fi ƙarfinsa, nauyinki ne ya hana shi neman taimako."

Nan take zuciyar Nangondo ta karye. Allah sarki, ashe ba raini ba ne, ƙarfi ne babu. Ta ƙudura za ta rufa wa yaron asiri, ta kira gayya a ɓoye a huɗe masa gonar kafin baƙuwarsa ta zo, ya fita kunyar malamarsa. Ta jiƙa hatsi ta dama tobwa, wato kunun zaƙinmu, tulu-tulu, don a wajenmu ba mai ɗaga fartanya a gayya sai ya ga abin sha. Da 'yarta ta tambaya, ta ce na matan coci ne.

Ranar Asabar ɗin da Malama za ta zo, Fatsani yana tsakar gida yana goge rigarsa da dutsen guga na gawayi, sai ya jiyo waƙar noma daga nesa. Har ya ɗan gyaɗa kai yana tausaya wa masu wahala. Sai ga Tiyamike ta faɗo gidan tana haki, hannu ɗaya riƙe da ciki.

"Malam, bar gugar nan! Gayya ce a gonarka!"

Ya zura rigar gefe guda a goge, ya ari na kare.

Ya tarar da mutum wajen ashirin sun jeru da fartanyoyi, sun riga sun huɗe gefen da ke bakin hanya, an tara karan wurin tsibi guda, ga Kawu Lufeyo tsaye a kai da ashana da buhu. Fatsani ya buɗe baki zai kurma ihu, sai idonsa ya faɗa kan Nangondo a gaban sahu, ta ci ɗamara. Jikinsa ya yi abin da ya saba kafin hankalinsa ya iso: ya yi tsalle gefe, ya durƙusa, ya juya baya. Daga nan ya shiga ɗaga hannuwa yana yi wa wani dutse da ke gabansa ihu a dakata, waƙa kuwa ta danne muryarsa.

"Kun gani?" in ji Lufeyo. "Godiya yake yi. Yaron akwai ladabi. Ku ƙara himma!"

Ya zagaya ta gabas, Nangondo ta ɓullo ta gabas tana raba tobwa, ya sake durƙusawa. Ya zagaya ta yamma, ta riga shi. Fartanyoyi kuwa sai cin gonar suke, kowane sara kamar a haƙarƙarinsa. Da ya ga ba sarki sai Allah, sai ya yi sufa ya shige ƙarƙashin karan da ya rage, ya ja ciki har ya iso daidai gaban masu huɗa, ya kwanta rub da ciki. Ba a ganin komai nasa sai tafin ƙafa. Waƙa ta tsaya, fartanyoyi suka tsaya a sama, don ba mai son a ce shi ya sare surukin Nangondo.

To, ga shi a gabanta, amma ba halin ya yi mata magana. Akuyar Nangondo kuwa ta biyo gayyar tana kiwo, ta zo ta tsaya a kansa tana jan wuyan rigarsa.

"Akuya," in ji murya daga ƙarƙashin kara, "don Allah ki gaya wa mai gonar nan ina gaisuwa. Ki ce mata ba ƙarfi na rasa ba. Wannan sharar ita ce jarrabawata. In aka huɗe wurin nan na faɗi, ba ni kuma da abin komawa."

Nangondo ta juya baya, ta gyara ɗaurin zaninta, ta dubi sama.

"Akuya, tambaye shi, shara ce za ta ciyar da 'yata da abin da ke cikinta? Ki ce masa ni na ga shekarar da muka dafa ɗanyen mangwaro da saiwar ayaba muka ba yara. Ban ba shi 'yata don ya gwada boko a kanta ba."

Maganar ta soki Fatsani, don bai taɓa tunanin tsoro ne ke damun matar ba, ya ɗauka tsana ce.

"Akuya, ki ce mata na ji, kuma ba zan bar su da yunwa ba. Ki roƙe ta ta sa hannu ƙarƙashin kara ta ji danshi."

"Ki ce masa ba na sa hannu a makwancin maciji. Sannan ki tambaye shi, in haka ne me ya hana shi aikowa tun farko?"

"Akuya, na aiko Kawu."

Duk idanu suka koma kan Lufeyo. Ya cusa ashanar cikin hula, ya zauna a kan buhun. "Ni dai gyara na yi," in ji shi.

Kafin Nangondo ta gyara shi, sai ga ƙarar babur. Malama Kamanga ta sauko, ta dubi huɗa, ta dubi tsibin kara, ta dubi tulunan tobwa, ta tambayi ina ɗalibin. Aka nuna mata tafin ƙafa. Ya fito da baya da baya, kara a kai, wuyan riga a tauna, ya durƙusa ya ba su ƙeya su duka.

"Nkhoma, juyo ka dube ni."

"Malama, ba hali."

"Shekara nawa ina koya maka? Malamin gonar da ya kasa fahimtar da gidansu, wa zai fahimtar? An huɗa, ka san doka, ka faɗi. Dama tun ranar da ka zo na san rago ne."

Fatsani ya sunkuyar da kai, ba abin da yake gani sai fuskar Tiyamike. Sai ya ji an kafe fartanya a ƙasa da ƙarfi a bayansa.

"Baiwar Allah," in ji Nangondo, "ke 'yar gidan wa ce? A gonata, a gaban dangina, za ki ce wa surukina rago? Ke kika ba shi 'ya? Tuwon gidanki yake ci? In za a ce masa rago akwai masu faɗa, ga mu nan, ba mu gaji ba, ba mu kuma nemi taimako ba!"

"Mama, ki yi haƙuri, doka ce. An huɗa gonar."

"Wa ya huɗa? Shi? Wannan ko da bindiga ba zai huɗa ba, tambayi kowa. Ni na huɗa. Ni za ki kayar."

Malama ta buɗe baki za ta amsa. Nangondo ba ta jira ba, ta juya kan 'yan gayya.

"Ku mayar."

"Mu mayar da me, Nangondo?"

"Sharar! Ku baje huɗar nan, kowane kara ya koma inda kuka same shi. Wanda bai mayar ba kada ya kalli tuluna."

Tun da aka kafa ƙauyen ba a taɓa yin gayyar mayar da datti gona ba sai ranar. Matsalar ita ce ba wanda ya san yadda ake yi, wasu na zubawa tsibi-tsibi, wasu na kakkafawa a tsaye. Dole Fatsani, yana durƙushe yana kallon dutse, ya shiga ba da umarni: a gicciye, a baza, kada ƙasa ta leƙo. Suna yi suna tsokanarsa, wani ya ce ko a kawo wa tanar bargo, wani ya tambaya da gaske me zai hana gara cinye shukar, ya ba shi amsa ba tare da ya juyo ba. Lufeyo ma an sa shi kwasa, yana yi yana kallon ɓeraye suna komawa gidajensu kamar ya yi kuka.

Malama ta zauna kan babur, aka miƙa mata tobwa don ba a hana baƙo abin sha ko da an yi faɗa da shi, ta shanye ta nemi ƙari. Da aka gama ta kakkafa turaku ta ware gefen da aka huɗa, ta ce ƙasar da aka juya an juya ta, wannan ba ta cikin jarrabawa, kuma zai rasa maki a kai. Sauran kuwa ta karɓa. Ta ce a duk ɗalibanta ba wanda ya taɓa sa mutum ashirin shimfiɗa kara, balle da ƙeya.

Da ƙyar ya tsallake, shi ne na ƙarshe a jerin waɗanda suka ci, amma ya samu aikin. Masarar shekarar ta yi kyau a wani gefe, gara ta ci wani gefe, kowa ya samu abin kafa hujja. Nangondo ba ta taɓa canjawa ba, har gobe gonarta a huɗe take tsaf, ba ko ganye. Sai dai daga girbi har saukar ruwa, lokacin da masu farautar ɓera ke yawo da ashana, kullum takan ɗauki kujerarta da sanda ta zauna a bakin gonar surukinta tana ɓarar gyaɗa. Yayanta ma ta nesa yake bi.

Wata ranar kasuwa Fatsani yana dawowa daga aiki ya hango ta zaune a wurin, ya ratse ya durƙusa bayan suri yana jiran hanya. Sai ga matan bakin famfo sun tsaya a kanta.

"Nangondo, kin tuba ke nan? Badi ke ma za ki zuba shara?"

"Allah ya kiyaye. Hauka ne tsagwaronsa."

"To, me kike gadi a rana haka?"

Ta ɓare gyaɗa ta jefa a baki. "Haukan nasa ne," in ji ta. "Mahaukacin kuwa nawa ne."

Matan suka kwashe da dariya suka wuce. Fatsani ya daɗe a bayan surin bai tashi ba, yana share ido da hannun riga.